Dokar Ta-ɓaci: Wa Ke Riƙe da Linzamin Shugaban Ƙasa?

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sau biyar shugaban ƙasa ya ɗauko sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ayyana dokar ta-ɓaci. An yi a Filato a 2004, an yi a Ekiti a 2006, an yi a ƙananan hukumomi 15 na Borno, Yobe, Filato da Neja a ƙarshen 2011, an yi a Borno, Yobe da Adamawa a 2013, sai ta Ribas a 2025. Kano ba ta cikin jerin. Amma jiha ce da ta sha samun kanta a hannun jam'iyyar da ba ita ke mulki a tarayya ba: Abubakar Rimi na PRP a zamanin Shagari, Malam Ibrahim Shekarau na ANPP a zamanin Obasanjo, sannan NNPP ta ci zaɓen 2023 yayin da APC ta ci tarayya. Shi ya sa duk sanda siyasar gari ta ɗauki zafi sai ka ji sojojin baka a gidajen rediyo suna jefa maganar, wannan na kira a sa dokar, wancan na cewa ba wanda ya isa. Kaɗan ne ke tsayawa su bayyana wanda doka ta ɗora wa alhakin taka wa shugaban ƙasa birki, da yadda ake taka birkin, da inda yake zamewa.

Dokar ta-ɓacin da gwamnatin Kano ta ayyana kan ilimi a 2024, ko wadda Shugaba Tinubu ya ayyana kan abinci a 2023, ba su cikin wannan lissafin. Waɗannan sanarwa ce ta cewa gwamnati za ta ba wani fanni fifiko, ba su ba kowa ikon tsare mutum ko dakatar da zaɓaɓɓe. Wadda ake magana a nan ita ce ta sashe na 305.

Abin da sashen ya shimfiɗa

Shugaban ƙasa ba ya ayyana dokar da jawabin talabijin. Jawabin sanar da jama'a ne kawai. Dokar na fara aiki ne da takardar shela da aka buga a gazet, wato jaridar da gwamnatin tarayya ke wallafa dokokinta a ciki. Da an buga, wajibi ne ya aika kwafi nan take ga shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai, tare da cikakken bayanin abin da ya faru, su kuma su kira zama ba tare da jinkiri ba.

Dalilan da aka yarda da su bakwai ne. Ƙasa tana cikin yaƙi, ko ana dab da mamaye ta. Doka da oda sun rushe a zahiri har sai an ɗauki matakin da ya wuce na yau da kullum, ko akwai haɗari bayyananne cewa za su rushe. Wani bala'i ko annoba ta auku ko tana dab da aukuwa. Akwai wata barazana ga ɗorewar tarayyar kanta. Na ƙarshe, gwamnan jiha ya roƙa da kansa. Gwamna ba ya roƙa shi kaɗai, sai kashi biyu bisa uku na majalisar jiharsa sun mara masa baya. A majalisar dokokin Kano mai kujeru 40, wannan na nufin mutum 27. Ƙaramin sashe na biyar ya ƙara wani shinge: idan fitinar ba ta tsallake iyakar jiha ɗaya ba, shugaban ƙasa ba zai yi gaban kansa ba sai gwamna ya kasa roƙa cikin lokacin da ya dace. Kundin bai faɗi kwana nawa ne wannan lokacin ba, kuma ta wannan kafar ake bi a wuce.

Ƙaramin sashe na shida shi ne ƙashin bayan sa idon majalisa. Idan majalisa na zama, kwana biyu ne bayan bugawa. Idan tana hutu, kwana goma. Cikin wannan wa'adi dole kowanne zaure ya zartar da ƙudurin amincewa da kashi biyu bisa uku na dukkan mambobinsa, in ba haka ba shelar ta mutu da kanta, ba sai wani ya soke ta ba. In an amince, wata shida take yi. Ana iya tsawaita ta wata shida-shida, da irin wannan rinjayen, kafin wa'adin farko ya cika. Sannan a kowane lokaci majalisun biyu na iya soke ta da rinjaye mai sauƙi na dukkan mambobi.

Mai karatu ya riƙe alƙaluman nan, domin rigimar duk a kansu take. Sanatoci 109 ne, kashi biyu bisa uku 73. 'Yan Majalisar Wakilai 360 ne, kashi biyu bisa uku 240. Domin sokewa, sanatoci 55 da wakilai 181 sun isa. An tsara abin da gangan: shiga da wuya, fita da sauƙi.

Me ya sa ƙidaya ta fi komai

A aikin majalisa na yau da kullum, sashe na 54 ya ce kashi ɗaya bisa uku sun isa a buɗe zama, wato sanatoci 37 ko wakilai 120. Sashe na 56 kuma ya ce ana yanke magana da rinjayen waɗanda suke nan suka kaɗa ƙuri'a, sai fa inda kundin ya tanadi wani abu daban. Sashe na 305 yana cikin wuraren da aka tanadi abu daban, domin bai ce waɗanda suke nan ba, cewa ya yi dukkan mambobi. Saboda haka wanda ya kwanta asibiti, da wanda ya tafi Umara, da wanda ya zauna a ofis ya ƙi shiga zaure, duk a lissafi tamkar sun ce a'a ne. Sanatoci 37 kacal in ba su ce eh ba, magana ta ƙare. A Majalisar Wakilai 121 ne. Kano kaɗai na da kujeru 24 a can, ita da Legas suka fi kowa, ga sanatoci uku.

To ga abin da ya faru ranar Alhamis 20 ga Maris 2025. Kwana biyu kafin nan Shugaba Tinubu ya ayyana dokar a Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara, mataimakiyarsa Ngozi Odu da dukkan 'yan majalisar jihar na wata shida, ya naɗa tsohon babban hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas a matsayin kantoma. A Majalisar Wakilai, kakaki Abbas Tajudeen ya sanar cewa mutum 243 ne suka sa hannu a rajistar halarta, sannan aka yi ƙuri'ar murya. Shugaban zama ya ce masu goyon baya su amsa, zaure ya ɗauka, ya ce masu adawa su amsa, ya buga guduma. A Majalisar Dattawa ƙarƙashin Godswill Akpabio an shiga zaman sirri, aka fito aka yi irin wannan ƙuri'ar.

Ko mutum na ganin Ribas ta cancanci dokar ko ba ta cancanta ba, wannan hanya ba ta tabbatar da abin da kundin ya nema. Rajista tana nuna wanda ya zo ne, ba ta nuna abin da ya zaɓa, kuma ba ta nuna ko yana zaune a kujerarsa lokacin da aka yi tambayar. In mutum huɗu kacal cikin 243 ɗin nan ba su yarda ba, adadin ya sauko 239, ƙudurin ya faɗi. Kunnen ɗan Adam, komai kaifinsa, ba zai bambance muryar mutum 240 da ta 239 ba. Sanata Aminu Waziri Tambuwal da Sanata Seriake Dickson na cikin waɗanda suka fito fili suka ƙi yarda da yadda aka yi.

Abin takaicin shi ne majalisar ta san yadda ake ƙirga. Gyaran kundin tsarin mulki shi ma kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi yake buƙata, kuma a Yulin 2017 da Maris 2022 da na'ura aka kaɗa ƙuri'a, sashe bayan sashe, alƙaluma na fitowa a allo. A Yulin 2021, lokacin da ake jayayya kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a rarrabe, aka riƙa kiran sanatoci da sunansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa, aka tashi 52 da 28. Washegari kowane ɗan mazaɓa ya san inda wakilinsa ya tsaya. Dakatar da gwamnatin jiha sukutum bai kamata ya samu ƙasa da wannan ba. Ƙuri'ar murya na ba ɗan majalisa mafaka: a zaure ya bi sahu, in ya dawo gida ya ce shi bai amsa ba, kuma babu takardar da za a ƙaryata shi da ita.

Gibin da kundin ya bari

Sashe na 305 ya faɗi yadda ake ayyanawa da yadda ake ƙarewa, amma bai lissafa abin da shugaban ƙasa zai iya yi a tsakani ba. Babu inda ya ambaci kantoma, babu inda ya ambaci dakatar da gwamna. Hanyoyin da gwamna ke barin kujera suna wasu sassan: cikar wa'adi, mutuwa ko murabus, tsigewa ta hannun majalisar jiha a sashe na 188, da gazawar lafiya a sashe na 189. Sashe na 11 kuma, wanda ya ba Majalisar Tarayya damar yi wa jiha doka idan majalisar jihar ta kasa aiki, ya faɗa ƙarara cewa wannan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba, kuma ba za a ce majalisar jiha ta kasa ba muddin tana iya zama ta gudanar da aiki. Masu adawa da dakatarwa nan suke kafa hujja: abin da aka hana majalisa gaba ɗaya, ta yaya mutum ɗaya zai same shi? Masu goyon baya kuma suna cewa dakatarwa daban, cirewa daban, kuma matakin da ya wuce na yau da kullum ba shi da ma'ana in waɗanda suka haddasa fitinar na nan kan kujerunsu.

Tarihi ya bi hanyoyin biyu. A Mayun 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sa dokar a Jihar Yamma bayan rikicin Awolowo da Akintola ya kai ga dambe a zauren majalisa a Ibadan, aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi ya riƙe yankin har ƙarshen shekarar. A wancan tsarin majalisar tarayya ce da kanta ke zartar da cewa akwai ta-ɓaci. Obasanjo ya bi wannan sawun ranar 18 ga Mayu 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam da tarzomar da ta biyo baya a nan Kano mako guda kafin nan: ya dakatar da gwamnan Filato Joshua Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya kantoma. A Oktoban 2006 ya naɗa Janar Tunji Olurin a Ekiti. Jonathan kuwa a 2013 ya bar Kashim Shettima, Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako kan kujerunsu duk da cewa abin da ake fuskanta ya fi na Filato da Ekiti muni nesa ba kusa ba.

Kotu ba ta cike gibin yadda ake zato ba. Ƙarar Filato, Kotun Ƙoli ta kore ta a 2006 kan batun wanda ke da hurumin shigar da ƙara da sunan jihar, ba ta taɓa gundarin tambayar ba. A ƙarar da gwamnonin PDP suka kai kan Ribas, hukuncin ya zo a Disamban 2025, wata uku bayan an riga an ɗage dokar. Kotun ta ce ba ta da hurumi, amma alƙalai shida cikin bakwai suka bayyana cewa shugaban ƙasa na iya dakatar da zaɓaɓɓu na ɗan lokaci, ɗaya ya saɓa. Darasin aiki a nan a bayyane yake. Wata shida ya fi tafiyar shari'a sauri, don haka wanda zai iya tsayar da abu tun yana ɗanye majalisa ce, kuma in har kotu ta faɗaɗa wa shugaban ƙasa fili, nauyin da ke kan majalisa ƙaruwa ya yi.

Ƙa'idojin da ba a karantawa

Shelar kanta takarda ce gajera. Ikon gaske yana cikin ƙa'idojin da ke biyo bayanta: wa ke iya kamawa, kwana nawa za a tsare mutum, ko za a shiga gida ba da takardar kotu ba, wa ke sa hannu a fitar da kuɗin jiha. Gwamnatoci na fitar da waɗannan ne da Dokar Ikon Ta-ɓaci ta 1961, wadda aka yi tun zamanin tsarin firaminista, kuma lauyoyi na jayayya kan ko tana raye ma, domin ba a saka ta cikin kundin dokokin tarayya da aka tattara a 1990 ba. Ita kanta dokar ta ce ƙa'idojin za su mutu bayan wata biyu in majalisun biyu ba su amince da su ba, kuma majalisun na iya gyara su ko soke su a kowane lokaci. Wannan agogo ne na biyu, daban da na kwana biyu, kuma hankalin jama'a ba ya kansa. A 2013 'yan majalisa sun zauna kan ƙa'idojin sun yi ta ja-in-ja kan sashen da ya shafi taɓa kuɗin jihohin uku da ba gwamnoni umarni. Irin wannan aikin, layi bayan layi, shi ne sa ido na haƙiƙa.

Haƙƙin ɗan ƙasa ma ba ya tafiya hutu. Sashe na 45 ya yarda a lokacin ta-ɓaci a sassauta kariyar sashe na 35, wanda a ranar lafiya ya wajabta kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, ko kwana biyu in babu. Amma sassaucin sai ta hanyar dokar da Majalisar Tarayya ta yi, kuma gwargwadon abin da halin ya wajabta. Ba a taɓa haƙƙin rai sai a mutuwar da ta auku a fagen yaƙi, kuma ba a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Azabtarwa ba ta cikin abin da aka sassauta ko kaɗan. Tun a 1962 kotu ta soke umarnin da ya taƙaita zirga-zirgar lauya Rotimi Williams saboda ba a nuna dalilin da ya wajabta shi ba. Idan aka tuna cewa ƙungiyar Amnesty International ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a wuraren tsarewar soja a Arewa maso Gabas daga 2011 zuwa 2015, za a gane abin da ake asara idan babu kwamitin da ke neman jerin sunayen waɗanda ke tsare, inda suke, da ranar da aka kama su. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon kiran kowa, neman kowace takarda, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa.

Sai kuɗi. Idan aka dakatar da majalisar jiha, an cire wanda ke amince da kasafi kuma yake bin diddigin kashewa, amma kason wata-wata daga asusun tarayya bai daina shigowa ba. A Ribas, shugaban ƙasa ne ya kai kasafin jihar na 2025, kusan naira tiriliyan 1.48, gaban Majalisar Tarayya, kowanne zaure ya kafa kwamitin wucin gadi, na Dattawa ƙarƙashin Opeyemi Bamidele, na Wakilai ƙarƙashin Julius Ihonvbere. Wannan ya fi a bar kantoma ya yi yadda ya ga dama. Sai dai kasafin shekara guda ne a hannun wanda aka ba wata shida, kuma a zamaninsa aka naɗa masu riƙon ƙananan hukumomi, aka sake hukumar zaɓen jiha, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 30 ga Agusta. A ganina nan ne ya kamata majalisa ta ja layi tun ranar farko: kantoma ya biya albashi, ya ci gaba da ayyukan da ya tarar, ya kula da tsaro, amma kada ya ɗauki matakin da zai ɗaure gwamnatin da za ta dawo, kuma ya kawo lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata, a buga kowa ya gani.

Ranar da majalisa ta ce a'a

Sau ɗaya aka ga birkin ya kama sosai. An tsawaita dokar Arewa maso Gabas a Nuwamban 2013, aka sake a Mayun 2014. A ƙarƙashinta aka yanke layukan waya na watanni, amma a ƙarƙashinta ɗin dai aka kashe ɗalibai a Buni Yadi, aka sace 'yan matan Chibok 276, Gwoza ta faɗi, Mubi ta faɗi. Da Jonathan ya nemi tsawaitawa karo na uku, ranar 20 ga Nuwamba 2014, ranar da 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa suka harba barkonon tsohuwa har wasu 'yan majalisa suka haura katanga, Majalisar Wakilai ta ƙi. Dokar ta mutu da cikar wa'adinta. Ba za a ce siyasa ba ta ciki ba, domin Tambuwal, wanda shi ne kakakinta a lokacin, bai daɗe da komawa jam'iyyar adawa ta APC ba. Amma hujjar da aka bayar mai ƙarfi ce: wata 18 an gwada, abin gaba yake yi, kuma sashe na 217 ya riga ya ba shugaban ƙasa damar tura soja su murƙushe tawaye ba tare da dokar ta-ɓaci ba. Garuruwan da aka ƙwato a farkon 2015 an ƙwato su ne babu dokar.

Ikon sokewa da sanatoci 55 da wakilai 181 kuwa, tun 1999 ba a taɓa amfani da shi ba.

Wasu ƙasashe sun ɗaure tsawaitawa fiye da mu. A Afirka ta Kudu shelar farko kwana 21 take yi, tsawaitawa ba ta wuce wata uku, kuma daga ta biyu sai da kashi 60 cikin 100. A Kenya kwana 14 ne, tsawaitawa wata biyu-biyu, ta farko da kashi biyu bisa uku, na bayanta da kashi uku bisa huɗu. Hikimar ita ce duk daɗewar dokar, rinjayen da ake nema na ƙara tsauri. Namu bai sa iyaka ga yawan tsawaitawa ba. A Indiya, inda gwamnatin tsakiya ta daɗe tana rusa gwamnatocin jihohin adawa, hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1994 ya ce ba a rusa majalisar jiha sai majalisar ƙasa ta amince, kuma kotu na iya duba dalilan ta mayar da gwamnatin da aka kora. A Koriya ta Kudu, daren 3 ga Disamba 2024, 'yan majalisa 190 cikin 300 sun kutsa zaure duk da sojojin da aka girke, suka kaɗa ƙuri'a a ƙirge, cikin 'yan sa'o'i dokar sojan da shugaban ƙasa ya sa ta rushe.

Abin da Kano ta ɗanɗana ba tare da sashe na 305 ba

Nan ne maganar ta fi shafar mutumin Fagge ko Gwale. Duk wannan tsari na kwana biyu da kashi biyu bisa uku yana tashi ne kawai idan an buga shela. Amma matakan da suka fi taɓa rayuwar Kanawa ba ta wannan ƙofar suka shigo ba. A Disamban 1980 soja ne suka shiga 'Yan Awaki suka kawo ƙarshen fitinar Maitatsine, babu shela. Bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012 an sa dokar hana fita dare da rana, shingayen bincike suka cika gari, babu shela. A Agustan 2024, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, an sake sa dokar hana fita ta sa'o'i 24.

Mafi tsanani shi ne kullen korona. Gwamnatin Ganduje ta rufe gari a tsakiyar Afrilun 2020, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya ba da umarnin kulle Kano baki ɗaya na mako biyu, daga baya aka ƙara. Azumi ne. Kantin Kwari, Sabon Gari da Singa a garƙame, mai adaidaita sahu ya jingine abin hawansa, ɗan dako da mai shayi da ke ci daga abin da suka samo a yinin suna zaune a ƙofar gida, an dakatar da sallar Juma'a da tarawihi a jam'i, kotun tafi-da-gidanka na yanke tara a bakin titi. Annoba tana cikin dalilai bakwai na sashe na 305, amma gwamnatin tarayya ba ta bi ta nan ba. Ta ɗauko Dokar Killace Masu Cuta ta 1926, ta zamanin Turawa, wadda ba ta buƙatar ƙuri'ar kowane ɗan majalisa kuma ba ta da wa'adin da za ta mutu da kanta. Ana iya cewa matakin ya zama dole a lokacin. Amma miliyoyin mutane sun zauna a gida makonni ba tare da wakilansu 24 da sanatocinsu uku sun kaɗa ƙuri'a ko sau ɗaya kan tsawon kullen, ko sharuɗɗan sassauta shi, ko yadda za a raba tallafin abinci ba.

Gyaran ba ya buƙatar taɓa kundin tsarin mulki duka. Ƙa'idojin zama na kowanne zaure na iya wajabta cewa duk inda kundin ya ce kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, sai an ƙirga da suna an buga a kundin zaman ranar. Wannan ƙuduri ɗaya ne a zaure. Dokar 1961 na buƙatar sabuwa a madadinta, wadda za ta fayyace ko ana naɗa kantoma, iyakar abin da zai taɓa, rahoton da za a riƙa kawowa duk kwana 30, da kwamitin da zai duba batun kowane tsararre. Sashe na 217 shi ma ya ce tura soja cikin gida yana bin sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya a doka, don haka fili a buɗe yake ta ce in an tura su sai an sanar da ita a rubuce cikin kwanaki kaza. A matakin jiha kuma, majalisar dokokin Kano na da ikon yin dokar da za ta ce gwamna na iya sa hana fita nan take idan rai na cikin haɗari, amma in za ta wuce kwana uku ko bakwai sai ya aiko da dalilansa a rubuce, mambobi 40 su zauna a bainar jama'a, a kira kowa da sunansa da mazaɓarsa kafin a ƙara ko da kwana ɗaya.